Mita Biyu da Santimita Arba'in

Lahadi, 5 ga Disamba, 2010

Mudir, shugaban kamfaninmu, ya kira ni ofishinsa ya ce zai ba da arona na kwana huɗu. Wani babban abokin cinikin kamfani zai sayi jirgin ruwa a baje kolin da za a buɗe a Abhur, bakin tekun Jidda, ranar Laraba. Masu sayarwa Turawa ne, yana son tafinta da zai karanta masa takardu ya rubuta masa kwatance. Na ce to. Sai ya faɗi sunan: Abdulghaffar.

Na tambayi ƙarfe nawa, na rubuta, na fito. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran labarai a gidan jarida a Kaduna kafin in zo Jidda in zama tafintan kamfanin fiton kaya. Aikin ya koya mini kada fuska ta riga alƙalami magana.

Bai san ni ba. Ni da Yaya Jabiru, tsohon matuƙinsa, uwarmu ɗaya, uba kowa da nasa, sunan da ke kan iƙamata, katina na izinin zama, bai yi kama da nasa ba. Ko da ya yi ma, mutumin da ya shekara goma sha tara yana kiran matuƙin jirginsa "ya walad", wato kai yaro, ba zai tsaya tambayar danginsa ba.

Litinin, 6 ga Disamba

Bari in rubuta abin kamar labarin shafin farko, kada fushi ya ƙara masa gishiri.

Yulin 2008. Jirgi mai inji, na Abdulghaffar, da baƙi shida. Sun yini a wani tafkin teku da yake so, wanda sha'abi ya kewaye, wato duwatsun murjanin nan da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Ƙofar shiga da fita ɗaya ce, tana duban yamma, Yaya na kiranta Bakin Tulu. Dokarsa ita ce ba a bin ta sai rana tana sama, don a iya karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu hanya ce, kore a yi hattara, ruwan ƙasa dutse ne. Yaya ya ce a tashi ƙarfe biyu. Mai jirgi ya zauna har bayan La'asar. Rana ta dawo cikin ido, ruwa ya zama madubi. Yaya ya ce a bari ya bi a hankali. Abdulghaffar ya ture shi daga sitiyari a gaban baƙi, ya ce ɗan kogi ba zai koya masa teku ba. Suka hau dutse. Ba wanda ya mutu, baƙo ɗaya ya karye a hannu.

Bayan kwana tara ya kai rahoton hurub, cewa ma'aikacinsa ya gudu. Yaya bai gudu ba. An kama shi a Bab Makka yana sayen yadin makaranta na yara. Kwana arba'in a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa, sannan jirgin Kano, da silifas ɗin da ke ƙafarsa. Yanzu yana Yawuri yana su da kwalekwalen aro. Matarsa Rakia da yara uku suna nan unguwar Sa'alaba.

Iyakar labarin ke nan. Ban ƙara ko wasali ba.

Talata, 7 ga Disamba

Sabuwar shekarar Hijira. Na yini ina karanta littafin jiragen shira'i da na aro, masu tafiya da babban ƙyallen da iska ke turawa. In zan cuci mutum, gara in san darasin.

Laraba, 8 ga Disamba

Ranar farko. Fararen jirage a jere a bakin gada, tutoci, kafet shuɗi a kan katako, sai an cire takalmi kafin a hau kowane jirgi. Na ga attajirai suna tsalle-tsalle da safa.

Abdulghaffar ya zo da abokai biyu. Ya fi yadda na zata gajarta. Ya miƙo mini yatsu uku ya ce, "Kai ne ustaz Is'haƙ? Yalla." Kakansa da ƙafa ya zo daga Katsina, kowa a Sa'alaba ya san haka, amma da Larabci kaɗai yake magana da ni, ni ma da shi nake ba shi amsa.

Ya ce ya gaji da jirgi mai inji, kowane ɗan kasuwa yana da shi. Shira'i yake so, irin na tafiyar kwanaki, mai ɗakin kwana da kicin. Uku muka duba. Na laƙaba musu suna don kaina.

Bafaranshe: mita goma sha biyar da rabi. Daɓen samansa na katako mai santsi, ɗaki uku, banɗaki biyu, sitiyari biyu a baya. Dirkar shira'insa ta fi ta kowa tsawo a wurin. Kyakkyawa ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Na shafa teburinsa sau biyu.

Bajamushe: mita goma sha biyu. Komai a inda ya kamata, ba ado. Tankin ruwansa ya fi girma, injinsa na da sauƙin kaiwa hannu. Abdulghaffar ya leƙa ya ce kamar ɗakin asibiti.

Tagwaye: gangar jiki biyu da falo a tsakani, faɗi kamar rumfar kasuwa. Ba ya karkata in iska ta buga, shayi ba zai zube ba. Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya ya ce wannan ai na masu kai 'yan yawon buɗe ido ne. Daga nan Abdulghaffar bai sake kallonsa ba.

Sai a takardun na ga abin. Jirgin shira'i yana da wani ƙarfe mai nauyi a gindinsa, kamar wuƙa, da ke hana shi kifewa. Shi ke sa jirgin ya ci zurfi. Tagwaye mita ɗaya da santimita goma. Bajamushe ɗaya da tamanin. Bafaranshe biyu da arba'in.

Yaya ya sha gaya mini zurfin Bakin Tulu, yana alfahari da cewa da gora ya auna shi. Da hunturu biyu da saba'in. Da bazara ruwan wannan teku yana sauka wajen rabin mita, ya koma biyu da ashirin, wani lokaci ƙasa da haka.

Wato Bafaranshe zai wuce lafiya a Disamba. Zai wuce a Fabrairu. A Yuli zai bar wuƙarsa a kan dutse.

Na daɗe a tsaye ina duban lambar. Mai sayar da lemo ya tambaye ni ko rana ce ta buge ni.

Alhamis, 9 ga Disamba

Na rubuta kwatancen da safe. Jadawali mai layi goma sha biyu: tsawo, faɗi, ɗakuna, tankin ruwa, tankin mai, faɗin shira'i, ƙarfin inji, da sauransu. Na duba kowace lamba sau biyu da takardar kamfani. Sannan na cire layi na goma sha biyu, na zurfi. Saura goma sha ɗaya, dukkansu gaskiya. Wani tsohon edita da na yi aiki a ƙarƙashinsa yakan ce jarida ba ta bukatar ƙarya, almakashi ya ishe ta. Da zargi yake faɗa. Yau na gode masa.

A wajen baje kolin, dillalin Bafaranshe, wani dogo mai jan wuya, ya tambaya ina za a riƙa yawo da jirgin. Abdulghaffar ya buɗe hannu ya ce Bahar Maliya duka. Dillali ya ce akwai samfurin mai gajeriyar wuƙa don ruwa mai duwatsu, amma sai an jira wata bakwai. Na fassara: "Ya ce akwai wani samfurin, amma sai bayan wata bakwai."

"Wata bakwai? Halas, wannan nake so. Kafin bazara ina cikinsa."

Insha Allahu, na ce.

Gobe bayan Juma'a za a fita gwaji. Asabar sa hannu.

Da la'asar na biya Sa'alaba na gaya wa Rakia. Tana tankaɗen garin masa, ta ajiye rariya.

"Ɗan jarida, ashe kana da amfani."

"Ban yi ƙarya ko ɗaya ba."

"Wa ya tambaye ka? Ni da ƙarya da gaskiya duk ɗaya, in dai zai ji abin da muka ji. Allah ya sa da manyan baƙi a ciki. Allah ya sa a ɗauki hoto."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan hawayen suka ci gaba bayan dariyar ta tsaya. Na sha ruwa na tafi. Rabon da in yi tafiya da sauƙin ƙafa haka tun kafin a kama Yaya.

Juma'a, 10 ga Disamba

Gwaji. Iska daga arewa, daidai misali. Da aka saki shira'i aka kashe inji, sai shiru, sai ƙarar ruwa a jikin jirgi. Ban taɓa jin irinsa ba. Na ji haushin kaina da ya burge ni.

Abdulghaffar ya zo da matuƙinsa, wanda ya gaji Yaya. Ban yi tunanin akwai shi ba. Wauta ce, jirgi ai ba ya tuƙa kansa, amma gaskiya ban yi tunaninsa ba ko sau ɗaya cikin kwana biyar. Usman sunansa, mutumin Chadi, ya kai hamsin, da furfura a gemu, Hausarsa irin ta 'yan Abeshe.

Kafin mu tashi na gan shi ya kwanta rubda ciki a kan gada yana leƙen ƙarƙashin jirgin. Ya ɗauki sandar ƙugiya ya zura ta ruwa a gefen, ya zaro, ya auna jiƙaƙƙen wurin da damtsensa. Ya mayar da ita inda take.

Da muka dawo, masu gida suka shiga rumfar dillali shan gahawa, na same shi yana naɗe igiya. Na gaishe shi da Hausa. Ya ɗago da sauri.

"A'a, Malam, ashe ɗan gida ne. Na ɗauka Basudane ne."

Na ce yaya ya ga jirgin.

"Jirgi ya yi kyau."

"Na ga kana aunawa."

Ya ci gaba da naɗe igiya. Can ya ce, "Malam, kai da ka karanta takardarsa, nawa suka ce yana ci?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai kamar wanda likita ya tabbatar masa da abin da ya riga ya sani.

"To me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"Ni? Ni ba na gaya wa mai jirgi komai. Wanda na gada ya gaya masa." Ya ɗaure igiyar. "Ban san shi ba, bawan Allah. Amma har yanzu da alamominsa nake shiga wurin nan, ya zana su da fenti a cikin murfin akwatin kaya. Mutum ne mai hannu."

Na tambaye shi in bazara ta zo fa.

"In ta zo zan ce ciwon ciki nake. In ya matsa, mu tafi. Iƙamata tana hannunsa, yara huɗu a unguwar Kilo Sabaa. Allah dai ya sa akwai sauran shan ruwa a nan."

Sannan ya tambaye ni ko na san inda ake samun daddawa mai kyau, matarsa ta dame shi.

Ba ruwana. Ban ɗauke shi aiki ba, ban sa shi ya yi shiru ba. Shi ma ya sani ya ƙi faɗa, to me ya bambanta mu?

Juma'a, bayan La'asar

Na kira Yawuri. Layi na yankewa. Ban gaya wa Yaya wane ne mai saye ba, na ce wani Balarabe ne. Ya hana ni gaisuwa ma, sai tambaya: tsawon dirka, igiya nawa, ina injin yake. Da na kwatanta masa Tagwaye ya ce, "Kai! Wannan ko a faranti aka zuba ruwa zai bi." Da na faɗi zurfin Bafaranshe ya yi tsaki.

"Na tekun Turawa ne. A nan wahalar da matuƙi kawai zai yi. Wa zai tuƙa masa?"

Na ce wani ɗan Chadi.

"To ka gaya wa ɗan Chadin ya fara haɗa kayansa. Jirgi in ya hau dutse, Isha'aku, mai jirgi gida yake tafiya ya yi wanka."

Layi ya yanke. Ban sake kira ba.

Na zauna na yi lissafin abin kamar yadda zan yi wa labarin wani. A Yuli, jirgi ya fashe. Abdulghaffar ya ji kunya na mako guda, wataƙila biyu. Kamfanin inshora ya aiko mutum. Ana bukatar wanda ya yi kuskure. Dillali ya koma ƙasarsu. Tafinta ya ba da jadawali mai gaskiya goma sha ɗaya, ba a kama shi da komai. Saura wa?

Na gwada ta wata hanyar, na sake gwadawa. Kullum a kan mai furfurar nan take ƙarewa.

Shekara biyu da wata biyar ina jiran ƙofa. Ta buɗe, sai ga wani a tsaye a bakinta yana tambayar daddawa.

Asabar, 11 ga Disamba

An yi.

Rumfar dillali, ƙarfe goma sha ɗaya. Takardu a kan tebur, alƙalami mai ruwan zinariya, abokan nan biyu, Usman a waje a rana. Na zo da jadawali sabo, kwafi uku, da Larabci da Turanci, layi goma sha biyu, da sakin layi ɗaya a ƙasa, da sunana da sa hannuna da kwanan wata. Na miƙa wa Abdulghaffar ɗaya, dillali ɗaya, babban abokin ɗaya. Da gangan. Abin da mutum uku suka riƙe a rubuce ba a ɗora wa matuƙi.

Na ce akwai layin da ban sa ba ranar Alhamis. Na karanta shi da ƙarfi: jirgin yana cin mita biyu da arba'in, ƙofar tafkin da bazara mita biyu da ashirin ce, duk wanda ya ba da umarnin shiga da shi a watannin zafi ya san zai hau dutse, ko wane ne a kan sitiyari.

Dillali ya yi ja har kunne, ya ce ai ya faɗi maganar gajeriyar wuƙa. Na ce ya faɗa, ni ne ban fassara duka ba.

Abdulghaffar ya dube ni. "Mantawa ka yi?"

"A'a."

Abokin da ya yi wa Tagwaye dariya ya ce, "Wane tafki? Wanda Abu Faisal ya..." sai ya kama bakinsa; Abu Faisal laƙabin Abdulghaffar ne. Ashe yana cikin baƙi shidan. Wannan kaɗai ya kusa biyana.

Abdulghaffar ya ce, a hankali, ina tafintan kamfanin kaya ya san zurfin wurin da ba ya cikin taswira.

Na shirya amsar da Larabci tun a mota. Da Hausa ta fito.

"Wanda ya auna shi da gora ne ya gaya mini. Jabiru. Yayana ne, nono ɗaya muka sha."

Abokan suna duban sa, suna duba na, ba su ji ko kalma ba. Yana iya cewa me wannan yake faɗa, a wuce wurin. Na ga ya yi niyya. Ya juya alƙalamin a hannunsa sau uku.

"Yana... yana lafiya?"

Da Hausa. Harshen ya yi masa nauyi, kamar na yaron da aka haifa a nan, amma Hausa ce.

Na ce yana su a Yawuri da kwalekwalen aro, 'ya'yansa suna Sa'alaba, ƙaramar ba ta tuna fuskarsa. Na ce in yana son ƙarin bayani ofishin da ya kai rahoto yana nan inda ya bar shi.

Ya rufe alƙalami ya sa a aljihu, duk da ba nasa ba ne. Ya tashi ya fita, abokan suka bi shi. Dillali ya ce mini wata kalma da ba ta cikin aikin tafinta.

Usman ya tare ni a bakin gada. "Malam, me ya faru? Ya wuce ni kamar an mare shi." Na ce ya je ya tambaye shi. Ya ce Allah ya kiyaye.

Lahadi, 12 ga Disamba

Mudir ya yi minti ashirin yana faɗa. Abdulghaffar bai kira shi ba, dillalin ne ya kira. Ya ce in ajiye ra'ayina a gida, ni bututu ne, magana ta shiga nan ta fita can. Na ce na'am. Bai ambaci iƙamata ba. Tukuna.

Rakia ta ƙi yi mini magana. Ta aiko babbar 'yarta ta ce a gaya wa Baffa ruwan shansa yana kan taga, ya sha ya tafi. Daga cikin ɗaki na ji ta: "An ba shi wuƙa ya je ya yi wa mutum aski."

Tana da gaskiya. Na cece shi daga abin kunya, na cece masa jirgi. Yaya yana nan inda yake.

Talata, 14 ga Disamba

Tagwaye Abdulghaffar ya saya. A bakin dillalin na ji, ya zo ofis karɓar takardun fito. Ba saƙo, ba waya, ba maganar rahoton hurub. Ban sa rai ba. Ƙarya ne, na sa kaɗan.

Laraba, 22 ga Disamba

Ban yafe masa ba. A rubuta wannan da babban baƙi. In wata ƙofar ta buɗe wadda shi kaɗai ne a bayanta, zan shiga.

Jiya Usman ya nemo gidan Rakia da kansa, da kifi najil guda biyu a leda. Ta bar shi a tsaye a ƙofa, ta ce ba ta cin kifin gidan azzalumai. Ya ce ba na gidan ba ne, na teku ne, shi ya kama. Ta ce to ajiye. Yau na tarar an soya, ta tura mini kai da wutsiya.

Gobe zai kai Tagwaye Bakin Tulu karon farko, shi kaɗai, don ya gwada ƙofar kafin mai jirgi ya hau. Yana bukatar wanda zai tsaya a gaba ya riƙa faɗa masa launin ruwa. Na ce ni ban iya ba. Ya ce shuɗi, kore, ruwan ƙasa, ko makaho ya yi rabin aikin.

Hoto kawai zan ɗauko wa Yaya, ba wani abu ba. Ƙarfe tara a gada. In nemi hula.